Darasi Daga Shirin Fadama

Ya kai manomi, ka sani cewa kowane tallafi daga waje yana da wa'adi. Shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa Gwamnatin Tarayya, ya isa misali.

Kashi na farko, a shekarun 1990, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa domin noman rani. Sai dai ya fi kula da manoma, bai ba makiyaya da masunta muhimmanci ba. Kashi na biyu, daga 2004, ya haɗa su duka, har da mata, cikin ƙungiyoyi masu tsara bukatunsu da kansu, suna kuma biyan wani kaso na kuɗin kayan aiki. Kashi na uku, daga 2008, ya game jihohi 36 da Abuja.

Abin lura:

1. Ka shiga ƙungiya mai rajista, domin ta hannunta taimako kan zo.
2. Ku riƙa rubuta kuɗin shiga da na fita.
3. Ku ware wani abu daga ribar kowace kaka domin gyaran inji ko sabunta shi.

Ranar da shiri ya ƙare, ƙungiyar da ba ta da ajiya injinta kan zama kwantai.