Tsohuwar Mota Mai Kafireto: In Ta Ƙi Jan Mai Bayan Gyaran Inji

A ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba a rasa tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Irin wannan mota tana da jimiri, kuma kanikawanmu sun san ta ciki da bai. Amma sau da yawa akan kai ta Funtuwa a sauke inji, a sa sababbin ringi da gasket, a biya kuɗi masu yawa, sa'an nan a kan hanyar komowa, tun ba a kai 'Yankara ba, ta fara shiƙa, ta mutu. Mai mota sai ya ce an cuce shi, bakanike kuwa ya ce a sayi sabon kafireto. Sau tari injin lafiya lau yake, kafireton ma haka. Mai ne ba ya isowa yadda ya kamata.

Wajibi ne hakimi da malaminsa su san hanyar da fetur ke bi, ko da ba za su taɓa riƙe sifana ba. Daga tanki yakan bi bututu ƙarƙashin mota, ya ratsa matata, ya shiga famfon mai wanda injin da kansa ke motsawa. Famfo ya tura shi cikin wani ɗan kasko a jikin kafireto. A cikin kaskon akwai wani abu mai yawo bisa mai kamar ƙwarya bisa ruwa, shi ke ɗaga wata allura ta toshe ƙofa idan kasko ya cika. Daga nan mai ya fita ta ƙananan kafofi, waɗanda kanikawa ke kira jet, ya gauraya da iska, kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na mai bisa nauyi. To, a kan wannan jeri za a bi laifi, daga tanki zuwa gaba, ba a tsallake ko ɗaya.

Da farko a tabbata laifin na mai ne, ba na wuta ba, domin bayan gyara akan sāɓa wayoyin fulogi, alhali jerinsu 1-3-4-2 ne. In wuta daidai take, sai a kwance murfin tanki. Idan aka ji ya ja iska, kafar numfashinsa ta toshe, kuma mota za ta yi tafiya kaɗan ta tsaya.

Jarrabawa mafi amfani ita ce ta kwalba. A cire wayar kwayil don kada wuta ta yi tsalle, a zare tiyon da ke shiga kafireto, a sa bakinsa cikin kwalba, direba ya murɗa makulli. Famfo mai lafiya zai riƙa feso mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In ya feso haka, tanki da bututu da famfo sun fita zargi, saura kafireto. In kuwa ɗigowa yake yi, ko ya zo da kumfa, laifi na baya. A nan ne kurakuran gyara suka fi yawa. Wani yaron gareji yakan juya tiyon shiga da na fita, ko ya ɗaura matata a baibai, ko ya bar tsohon tiyo mai tsagewa yana zuƙar iska maimakon mai. Akan kuma mai da famfo ba tare da ya zauna daidai kan abin da ke tura shi ba. Idan aka zaro sandar awon baƙin mai aka ji warin fetur, fatar cikin famfo ta yage, fetur na zuba cikin sabon inji yana wanke masa mai. Wannan ba a tafiya da shi ko mil guda.

Kwalbar nan tana da wani amfani kuma. A ajiye ta ta lafa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in akwai shi zai kwanta ƙasa, tare da tsatsa da yashi. Motar da ta yi makonni a gareji tanki kusan wayam takan tara wannan, balle wadda ake zuba wa man galan na bakin hanya ba tacewa.

In zargi ya tsaya kan kafireto, alamu biyu ne. Baƙin hayaƙi da jiƙaƙƙen fulogi da warin fetur suna nuna allurar nan ba ta toshewa, mai ya yi yawa. Idan kuwa mota ba ta tsayawa silo sai an ja cok, mai ya yi kaɗan: ko jet ya toshe, ko gasket na gindin kafireto bai ɗauru ba, iskar banza na shiga. Jet da iska ake hure shi. Masu zura masa waya suna faɗaɗa kafar ne, daga ranar mota ta zama mashayiya.

Akwai kuma laifin da ba ya bayyana sai da bazara. Mota ta tashi lafiya da safe, ta mutu da azahar, in ta huce ta sake tashi. Wannan tiyo ne aka mayar kusa da bututun hayaƙi, zafi ya mai da fetur tururi, famfo kuwa ba ya tura tururi. Jiƙaƙƙen tsumma bisa famfo yakan kai mutum gari, amma magani shi ne a janye tiyon daga wurin zafi.

Kada hakimi ya yarda a zuba fetur a bakin kafireto ana tayar da mota, gama inji yakan yi atishawar wuta ya ƙone mai zubawa. Kada a zuƙi mai da baki, kada a sha taba kusa. A ajiye bokitin yashi, domin ruwa yaɗa wutar fetur yake yi.

Aikin malami shi ne ya buɗe wa mota littafi. Ya rubuta ranar gyara, da lambar mil, da kowane ƙarfe da aka canja da kuɗinsa, ya kuma karɓo tsofaffin. Kada a cika biya sai bakanike ya hau motar an yi tafiya har inji ya yi zafi sosai, an hau tudu da ita, an kashe an sake tayarwa. Wannan jarrabawa da safe ake yinta, kusa da gari, ba ranar rangadi ba, don kada magariba ta riski hakimi da jama'arsa tsaye a daji tsakanin Sheme da 'Yankara.