Jemage Da Aikin Masu Bincikensa

Hakimai da masu unguwanni su kan sami ƙara a kan jemagu, musamman a wuraren da gidaje suka yi yawa kamar Fagge da Sabon Gari. Wani ya ce sun cinye masa mangwaro, wani ya ce kashinsu ya ɓata masa rufin ɗaki, sai a nemi iznin sare itacen da su ke kwana. Kafin a ba da irin wannan izni ya kamata a san abin da masana suka gano game da wannan dabba.

Aikin Mr. Rosevear

Daga cikin waɗanda suka fi ba da ƙarfinsu ga wannan bincike akwai Mr. D. R. Rosevear, mutumin Ingila. Ya zo Nijeriya a 1924 ya kama aikin gandun daji, ya yi ta ci gaba har ya zama shugaban wannan ma'aikata na ƙasar duka. Duk inda rangadi ya kai shi ya kan tattara ƙananan dabbobi, ya auna su, ya rubuta wurin da aka same su. A 1953 ya buga littafin da ya jera dabbobin Nijeriya masu shayarwa, tare da taswirar inda su ke zaune. Da ya bar aiki a 1954 sai ya koma babban gidan ajiye kayan tarihin halitta na London, ya ci gaba da nazari. A 1965 ya fitar da littafi sukutum a kan jemagun Afirka ta Yamma. Ya rasu a 1986.

Abin Da Aka Gano

Jemage ba tsuntsu ba ne. Ba ya yin ƙwai, haihuwa ya ke yi, galibi ɗa guda a shekara, uwar ta shayar da shi nono. Saboda haka idan an hallaka su da yawa su kan daɗe ba su koma kamar da ba.

Jemagun ƙasar nan kashi biyu ne. Akwai manya masu manyan idanu, su ne masu cin 'ya'yan itace da ruwan fure. Akwai kuma ƙanana da su ke ɓuya a ƙarƙashin rufin kwano, abincinsu ƙwari ne. Waɗannan ƙanana su na tafiya cikin duhu ta hanyar yin wata ƙara mai siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji, idan ta bugi abu ta dawo sai su gane inda ya ke. Wani masani Ba'amurke, Donald Griffin, shi da abokin aikinsa suka tabbatar da haka wajen 1940. Daga baya aka gane cewa dabbar teku da a ke kira dolfin ita ma da irin wannan dabara ta ke neman abinci. Dolfin mai shayarwa ce, ba kifi ba ce, kamar yadda ayu na kogin Kwara da Binuwai shi ma ba kifi ba ne.

Amfaninsa Ga Talakawa

Furen ɗorawa da na kuka da na rimi da dare su ke ba da ruwansu mai zaƙi. Jemage ya kan zo sha, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai shi ga wani itace, ta haka itacen ke yin 'ya'ya. A 1957 waɗansu masana biyu, Baker da Harris, suka bayyana wannan game da ɗorawa bayan binciken da suka yi a ƙasar Ghana. Watau kalwar da a ke yin daddawar da a ke sayarwa a kasuwar Sabon Gari, da hannun jemage a cikinta. Haka kuma a Accra an ɗaura wa manyan jemagu 'yar na'ura, aka ga su na iya kai irin itace nisan fiye da mil 40 daga inda suka ci shi.

Haɗarinsa

Amma fa ba a wasa da shi. A 1956 an sami wata ƙwayar cuta, 'yar'uwar ta haukan kare, a jikin jemagun tsibirin Ikko. Mai kama jemage da hannu shi ne ke cikin haɗari.

Abin Da A Ke Bukata

1. Kada a ba da iznin sare itace don jemagu kawai sai an shawarci ma'aikacin gandun daji.
2. Idan sun shiga rufi, a jira su fita da magariba sa'an nan a toshe kafar, amma ban da lokacin da su ke da 'ya'ya ƙanana a ciki.
3. A gargaɗi yara kada su ɗauki jemagen da ya faɗi. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya tafi asibiti a ranar.
4. Magatakarda ya riƙa rubuta itacen da su ke sauka, da watan zuwansu da na tashinsu. Masu bincike na bukatar irin wannan rubutu na yau da gobe daga kowace gunduma.