Madara Ba Ta Wanke Huhu: Shawara Ga Ɗalibai Masu Yaƙi Da Jita-jita

Wata ɗalibar koyon aikin jinya da ke zaune a Sharaɗa, a birnin Kano, ta aiko da tambaya. Ita da abokan karatunta sun ɗauki aniyar gyara labaran ƙarya kan lafiya da ke yawo a zaurukan WhatsApp na ma'aikatan masana'antu, amma duk gyaran da suka tura ba mai tanka musu. Ina mafita?

'Yata, Allah Ya yi muku albarka. Matsalarku ta farko ita ce ƙaryar da baki take zuwa, ku kuma da rubutu kuke bin ta. Leburan da ya wuni a majema a Challawa, ko a gaban injin narka roba a Bompai, ba zai zauna karanta dogon bayani mai cike da Turanci ba. Saƙon murya yake saurara, yana tafe a Adaidaita Sahu. Ku ma ku naɗi murya, da Hausar da ake yi a bakin ƙofar kamfani, kada ta wuce minti ɗaya, a fara da sallama. Ku tura ta cikin zauren da jita-jitar ta ɓulla, in da hali ta hannun wanda ake jin maganarsa a wurin, shugaban ma'aikata ko limamin masallacin kamfani.

Ku fara da ƙaryar da ta fi kusa da jikinsu. A wuraren nan an daɗe ana cewa wanda ya shaƙi ƙura ko warin sinadari, in ya sha gwangwanin madara shi ke nan, ta wanke masa ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, sai dai ciki take tafiya, abin da aka shaƙa kuwa huhu ya nufa, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Illar wannan magana ita ce mutum ya ajiye takunkumi yana ganin ya sami kariya. Ku gaya masa abin da zai yi maimakon haka: takunkumin da ya dace da aikin (na yadi ba ya tare tururin sinadari), safar hannu da takalmin roba ga mai taɓa ruwan jima, domin sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi yana haddasa ƙaiƙayi da gyambo. Ramin dagwalon majema mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa, kada kowa ya shiga don ya ji warin ya lafa. Iskar in ta yi yawa kashe jin wari take yi, sannan ta sumar da mutum.

In maganar rigakafi ta taso, ku yi hattara da gatse. Mutanen Kano ba daga sama suka tsinci zargi ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a garin nan, yara 11 cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, har sai a 2004 aka dawo da shi, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Ku amince cewa abin ya faru, sannan ku tuna wa mai sauraro yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano daga ƙarshen 2022, akasari a cikin yaran da ba su kammala allurarsu ba. Dattijon da aka kunyata a gaban jama'a ba ya sauka daga kan bakansa, don haka ku bi shi ta gefe.

Kada ku sake tura saƙon ƙaryar da sunan gargaɗi, tallata shi kuke yi. Haka jita-jitar wankan ruwan gishiri ta game ƙasa cikin dare ɗaya lokacin Ebola a 2014, har aka rasa rayuka.

Sannan ku san iyakarku. Ku ɗalibai ne, ba a rubuta magani ta waya. Kowace murya malaminku ya saurara kafin ta fita. Duk wanda ya ce muku yana tari fiye da mako biyu, ko yana tofar da jini, ko numfashi na yi masa wuya, ku ce ya tafi asibiti a ranar, ya kuma faɗa wa likita irin aikin da yake yi.