Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Injin Tafiya Na Cikin Gida Ba Tare Da An Yi Asarar Kuɗi Ba

Duk wanda aikinsa ya koma kan waya ko kwamfuta ya san yadda yini ke ƙarewa bai yi taku dubu biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Wato ko da tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ta cike mafi ƙarancin adadin. Matsalar ita ce wurin yin tafiyar: zafin bazara da kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ƙurar hunturu, cunkoson babura, ga kuma mata da yawa da fita yawo a bakin titi ba ta yi musu daɗi.

Wannan ne ya sa ƙananan injinan tafiya, waɗanda ake kira tiredmil, suka fara shiga gidaje. Sai dai kayan ba arha ba ne, kuma kuskure ɗaya wajen zaɓe kan mayar da injin ya zama wurin shanya tawul. Darasin yau zai bi abubuwan da ya kamata mai saye ya duba ɗaya bayan ɗaya.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko shi ne falalen injin tafiya, wanda ba shi da dogon hannun riƙewa, kuma ana iya tura shi ƙarƙashin gado ko kujera. WalkingPad na kamfanin KingSmith na ƙasar Sin yana cikin waɗanda suka yi suna, har wasu nau'o'insa kan naɗe gida biyu. Yawancin irin wannan gudunsa yana tsayawa a kilomita 6 a awa, don haka na tafiya ne kawai.

Na biyu shi ne mai hannun da ake ɗagawa a kwantar. Idan hannun yana kwance, injin na tafiya ne. Idan aka ɗaga shi, yakan ba da damar sassarfa ta kilomita 10 zuwa 12 a awa. Ya fi na farko nauyi da tsada.

Na uku shi ne marar mota, wanda ƙafar mutum ce ke juya bel ɗin. Ba ruwansa da wutar lantarki, abin da ke jan hankalin mutane da yawa a inda wuta ba ta zama. Amma masu arhar cikinsu a karkace suke kamar hawan tudu, bel ɗin yana da tauri, kuma dole a riƙe hannu koyaushe. Wanda ke da ciwon gwiwa ko tsohon da ake son saya wa zai gaji da shi da wuri.

Ga wanda burinsa tafiya ce ta rabin awa a rana, na farko ya wadatar. Biyan kuɗin gudun da ba za a taɓa yi ba asara ce.

Ƙarfin mota: inda talla ta fi yaudara

Mai amfani da waya ya san labarin fawa bankin da aka rubuta masa 50,000mAh amma bai iya cika waya sau uku. Haka lamarin yake a nan. Za a ga an rubuta 2.5HP ko 3HP a hoton talla, alhali wannan shi ne ƙololuwar ƙarfin da motar ke iya kaiwa na ɗan lokaci kaɗan. Abin da ke da amfani shi ne ƙarfin da take riƙewa tana aiki ba tsayawa, wanda ake rubutawa CHP.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya. HP ɗaya daidai yake da wat 746. Saboda haka motar da ke ba da 2.5HP a kai a kai tana buƙatar fiye da wat 1,800. Idan aka duba takardar da ke manne a jikin injin, kusa da inda wayar wuta ke shiga, aka ga an rubuta wat 550, to ainihin ƙarfinta bai kai HP ɗaya ba. Wannan ba aibi ba ne, domin ya ishi mai tafiya. Aibin shi ne a biya kuɗin 2.5HP a kansa. Kafin a tura kuɗi, a nemi mai sayarwa ya turo hoton wannan takarda ta WhatsApp.

Sannan motocin iri biyu ne: mai burushi da marar burushi. Marar burushi ta fi shiru, ba ta zafi da wuri, kuma babu gawayin da zai cinye a canza. Ta fi tsada kaɗan, amma ga mai zaman haya da maƙwabta a jikin bango, shirun ya cancanci kuɗin.

Girman bel da nauyin da yake ɗauka

Bel shi ne shimfiɗar da ake takawa. A ƙananan injina faɗinsa yakan kama daga santimita 38 zuwa 43, tsawonsa kuma daga 90 zuwa 120. Wanda tsayinsa ya kai mita 1.75 zuwa sama ya nemi tsawon da bai gaza santimita 110 ba, in ba haka ba zai riƙa gajarta takunsa don gudun kada dugadugansa su fita ta baya. Faɗi ƙasa da santimita 40 kuwa yana tilasta wa mutum kallon ƙafafunsa koyaushe. A lura, wasu masu sayarwa girman injin gaba ɗaya suke rubutawa, ba na bel ba.

Game da nauyi, yawancinsu an rubuta musu kilo 100 zuwa 120. Kada a sayi wanda iyakarsa ta yi daidai da nauyin mai hawa. Mai kilo 95 da ya hau injin kilo 100 kullum yana tilasta wa motar aiki a ƙarshen ƙarfinta, sai ta riƙa zafi, bel ya riƙa cijewa a kowane taku. A bar tazarar kilo 15 zuwa 20. Idan kuma mutanen gida da yawa za su yi amfani da shi, da nauyin wanda ya fi kowa za a yi lissafi.

Wuta: abin da ya fi kashe su a nan

A cikin kowane injin akwai allon lantarki da ke sarrafa gudun mota. Shi ne ke fara ƙonewa idan wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa, kuma samun madadinsa daidai ya fi komai wuya. Abubuwa huɗu ne za a kiyaye.

1. Boltej. Najeriya da Nijar da Gana duk suna kan wuta mai bolt 220 zuwa 240. Amurka kuwa 120 take amfani da shi. Cajar waya takan karɓi duka biyun, amma yawancin injinan tafiya ɗaya kawai suke karɓa. Injin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, ko na hannu da aka shigo da shi daga can, idan aka soka shi kai tsaye, allon ya tafi nan take. A karanta takardar jikinsa tukuna.

2. Sitabilaiza. A sa shi cikin kasafin tun farko, kuma ƙarfinsa ya ninka na injin. Injin wat 550 zai zauna lafiya a kan mai 1500VA ko 2000VA.

3. Inbata da janareto. Ƙaramin janareton da ba ya kai wat 1,000 ba ya riƙe wuta daidai idan nauyi ya sauya, alhali injin tafiya a kowane taku jan wutarsa ke sauyawa. Inbata kuma ta zama mai tsaftatacciyar wuta irin wadda ake haɗa wa firiji. Mai arhar da ke sa fanka gurnani tana wahalar da allon. Inbata mai 1kVA wat 800 ne kawai take bayarwa a aikace, don haka a lissafa har da sauran kayan da ke kanta.

4. Soket. A soka shi a bango kai tsaye, a soket mai wayar ƙasa. Siririn ekstenshan da aka cika da caja da talabijin yana iya narkewa.

Cin wutarsa kuwa bai kai yadda ake tsoro ba. Idan injin yana jan wat 400, tafiyar rabin awa ta ci 0.2 na yunit a mita, wato yunit ɗaya a kwana biyar. Dutsen guga ya fi shi jan wuta nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun ɗauke wuta ana tsakiyar tafiya: bel yana tsayawa, jiki kuma yana ci gaba. A gudun kilomita 4 ko 5 mutum yakan tare kansa, amma a sassarfa abin yana iya zama faɗuwa. Wanda ke unguwar da ake yawan ɗauke wuta ba sanarwa ya fi kyau ya zaɓi mai hannun riƙewa.

Manhaja da rimot

Da yawansu suna haɗuwa da waya ta Bluetooth. WalkingPad yana amfani da KS Fit, wasu masu arha kuma FitShow. Akwai wata ƙa'idar Bluetooth ta kayan motsa jiki mai suna FTMS. Injin da ke da ita yana iya aiki da manhajoji na waje kamar Kinomap da Zwift, ba sai ta kamfanin kaɗai ba.

Muhimmin abu shi ne injin ya iya tashi da tsayawa ba tare da waya ba, ta rimot ko maɓallin jikinsa. Ƙananan kamfanoni sukan daina sabunta manhajarsu, wata rana ta ƙi buɗewa a sabon Android. A kuma duba izinin da take nema. Bluetooth dole ne, kuma a Android 11 zuwa ƙasa neman na'urar Bluetooth yana buƙatar izinin sanin wuri. Amma manhajar injin tafiya ba ta da hurumin neman lambobin waya ko saƙonni.

Lissafin kalori da ke fitowa a allo kintace ne kawai, musamman idan ba a shigar da nauyin mai hawa ba. Lokaci da nisa su ne abin dogaro: minti 30 a kan kilomita 5 a awa ya ba da kilomita 2.5.

Tsaro, musamman a gidan da ke da yara

A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye injinansa na Tread+ kimanin 125,000 daga hannun masu saye, bayan wani yaro ya rasu, wasu da dama kuma sun ji rauni sakamakon janyo su ƙarƙashin injin. Wancan babban inji ne mai tsada, amma haɗarin ɗaya ne: bel mai juyawa yana kama ɗan yatsa ko tufafi, yana kuma saɓule fata.

Don haka a zare filogi bayan an gama, a ajiye rimot inda yaro ba zai kai ba, kuma kada a hau yaro na rarrafe a ɗakin. Idan injin yana da makullin tsaro, wato igiyar nan mai maganaɗisu da ake maƙalawa a riga, a yi amfani da ita, domin da zarar ta fizge injin ke tsayawa. Jallabiya, abaya, dogon hijabi da zani mai jan ƙasa duk suna iya shiga bayan bel. Wando da takalmi sawu-ciki su ne daidai, ba silifas ba. A bar fili a bayan injin. Littattafan manyan injina har mita 2 suke nema, don wanda ya zame kada ya matse tsakanin bel da bango.

Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, ko mai juna biyu ya fara ganin likita. Ma'aunin matsakaicin motsa jiki kuwa shi ne mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa.

Wajen saye

Farashi yana bin dala, don haka a kwatanta wurare da yawa a mako ɗaya: Jumia, Konga, Jiji da shagunan kayan wasanni na gari. Wanda zai yi odar kai tsaye daga Sin ya tuna cewa waɗannan injina sukan kai kilo 20 zuwa 30, kuɗin dako yana iya cinye arhar, mayar da shi idan ya zo da matsala kuma kusan ba ya yiwuwa. Tambayoyi uku ga mai sayarwa: garantin wata nawa ne kuma a rubuce, yana da allo da bel da rimot na canji, kuma wa ke gyara a garin?

Na hannu sai an gwada kafin a biya. A hau shi minti 15 cur, domin motar da ta gaji sai ta ɗau zafi take nuna halinta. A saurari ƙara, a shinshina ko akwai ƙaurin waya, a duba gefen bel ko ya fara zare. Kada a tura kuɗi ga wanda ba a gani ba saboda ya ce kayan na hanya.

Kulawa bayan an kawo gida

Ƙura ce babbar abokiyar gabar bel. A rufe injin da mayafi, a share ƙarƙashinsa, musamman lokacin hunturu. Ana shafa man silikon a ƙarƙashin bel gwargwadon yadda littafin injin ya nuna. Baƙin mai, man gyaɗa ko basilin suna lalata shi. Don a san ko ya bushe, sai a zare filogi a zura hannu a ƙarƙashin bel. Idan babu santsi, lokacin mai ya yi. Idan bel ya karkata hagu, a ɗaure kusar baya ta hagu da kwatan juyi, a bar shi ya yi tafiya a hankali na minti ɗaya, sannan a sake dubawa. Tabarmar roba a ƙasa tana rage ƙara da zamewa a kan tayil.

A taƙaice, ga mai tafiyar yau da kullum: bolt 220 zuwa 240, bel mai aƙalla santimita 40 da 110, tazarar nauyi ta kilo 15 zuwa 20, rimot da ke aiki ba waya, da mai sayarwar da ke da kayan canji. Idan kuɗin hannu ba su kai injin da sitabilaiza tare ba, gara a jinkirta wata guda a haɗa su, da a sayi injin yau allonsa ya ƙone kafin ƙarshen wata.