Kaka Ta Fara Mantuwa

Mai karatu, ko akwai tsohuwa a gidanku da ke tuna bikin da aka yi shekara 50 da suka wuce, amma ta manta ko ta ci tuwon dare? Ga dalili.

Me ke faruwa?

Idan mutum ya tsufa, ƙwaƙwalwarsa tana raguwa kaɗan-kaɗan. Sashen da ke ajiye sababbin abubuwa yana cikin masu saurin raguwa, shi ya sa tsohon labari ke zama, sabo ya ɓace. Jijiyoyin jini kuma suna taurarewa, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa sosai. Hawan jini da ciwon sukari suna ƙara ɓarnar.

Yaushe ya zama ciwo?

Manta inda aka ajiye makulli tsufa ne kawai. Amma idan kaka ta fita unguwa a Nyohini ta rasa hanyar gida, ko ta kasa gane 'ya'yanta, wannan ciwo ne, ba maita ba. A 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 a Kafaba, kusa da Salaga, bisa zargin maita. Ku kāre tsofaffinku daga irin wannan zargi.

Abin yi

1. Ku kai ta asibiti a auna jininta da sukari. Idan abin ya yi tsanani, akwai Asibitin Koyarwa na Tamale.
2. Ku rage mata gishiri.
3. Ku riƙa hira da ita, ku bar ta ta ɓare gyaɗa tare da jikoki.
4. Idan ta maimaita tambaya, ku sake amsawa ba tsawa. Ita ma haka ta yi muku kuna yara.