DARASI NA TARA: RANCE DA TALLAFIN KARATU A FAGEN KOYON LIKITANCI

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a yi nazarin hanyoyin da ɗalibi ke bi ya sami kuɗin koyon aikin likita, musamman rance da tallafin karatu. Dalilin kawo batun cikin darussan Hausa shi ne, malami ne mutum na farko da ɗalibai da iyayensu ke tuntuɓa idan yaro ya nuna hazaƙa alhali gidansu ba hali. Amsar da malamin ya bayar tana iya buɗe wa yaron hanya, tana kuma iya sa ya haƙura da burinsa. Saboda haka wajibi ne malami ya san batun, ya kuma iya bayyana shi da Hausa ingantacciya.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:
a) bambance ma'anar aro da rance da lamuni da tallafi;
b) bayyana dalilan tsadar karatun likitanci;
c) kawo tarihin rancen ɗalibai a Nijeriya a taƙaice;
d) fayyace sharuɗɗan da ke tattare da tallafin karatu.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Bahaushe ya bambanta aro da rance. Aro shi ne karɓar abu a yi amfani da shi sannan a mayar da shi kansa, kamar littafi ko keke. Rance kuwa karɓar abu ne da zai ƙare wajen amfani, sai a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Ke nan kuskure ne a ce ɗalibi ya ari kuɗin makaranta. Rantowa ya yi. Bashi shi ne nauyin biyan da ya hau kan wanda ya ci rancen. Lamuni kuma ya ƙunshi yarda da tsayawa, wato a ba mutum abu bisa amincewa zai biya, ko wani ya tsaya masa. Kuɗin ruwa shi ne ƙarin da mai ba da rance ke ɗorawa a kan uwar kuɗi.

Tallafin karatu, wanda aka fi sani da sikolashif, kuɗi ne da gwamnati ko kamfani ko wata gidauniya ke ba ɗalibi ba tare da neman ya mayar ba. Sai dai sau da yawa akan haɗa shi da sharaɗi, kamar yadda za a gani nan gaba.

3.0 Dalilan Tsadar Karatun Likitanci

Dalili na farko shi ne tsawon lokaci. A jami'o'in Nijeriya digirin likitanci yana ɗaukar shekara 6, alhali yawancin digirori shekara 4 ne. Bayan kammalawa sai sabon likita ya yi shekara 1 yana aikin sanin makama a asibiti kafin hukumar kula da likitoci, wato MDCN, ta ba shi cikakken lasisi, sannan ya yi shekara 1 ta yi wa ƙasa hidima. Na biyu, karatun yana buƙatar ɗakunan gwaje-gwaje da asibitin koyarwa da littattafai masu tsada. Na uku, ɗalibin da ya kai matakin zagayen marasa lafiya ba ya samun sararin yin wata sana'a a gefe, domin dare da rana yana tsakanin aji da asibiti. Na huɗu, gurabe kaɗan ne, saboda MDCN tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Wanda bai samu shiga jami'ar gwamnati ba sai ya nufi jami'a mai zaman kanta ko ƙasar waje, inda kuɗin ke ninkawa.

4.0 Rancen Ɗalibai a Nijeriya

Rancen ɗalibai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance, a 1993 kuma aka yi dokar kafa bankin ilimi. Duk biyun ba su ɗore ba. Babban abin da ya durƙusar da hukumar ta farko shi ne rashin biya: da yawa daga waɗanda suka amfana sun ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, hukumar kuma ba ta da hanyar bin sawunsu bayan sun bar makaranta.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar rancen ɗalibai. Dokar ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da kawo mutum biyu da za su tsaya wa ɗalibi, da kuma cewa kuɗin shigar iyalinsa kada ya kai naira 500,000 a shekara. Aka soke ta, aka kafa wata a watan Afrilun 2024 wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar takardun masu nema ta intanet a watan Mayun shekarar. An tsara shi ne domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati, wato jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Rancen ba shi da kuɗin ruwa. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga makarantar, na guzuri kuma, wanda aka fara da naira 20,000 a wata, yana shiga asusun ɗalibi. Biya yana farawa shekara 2 bayan kammala yi wa ƙasa hidima, inda ake cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Idan aka auna wannan tsari da ɗalibin likitanci, za a ga cewa wanda ya karɓi rance tun shekararsa ta farko ba zai fara biya ba sai bayan kimanin shekara 10: shida na karatu, ɗaya ta sanin makama, ɗaya ta hidimar ƙasa, biyu na jinkiri. Wannan sauƙi ne ga ɗalibi, amma nauyi ne ga asusun, domin hauhawar farashi tana rage darajar kuɗin kafin su dawo. Don a gane amfanin rashin kuɗin ruwa, a ɗauki misalin wanda ya ranci naira 1,000,000 a banki da ruwan kashi 10 cikin 100 da ke hawa kan juna kowace shekara. Idan ya yi shekara 8 bai biya komai ba, bashin zai haura naira 2,140,000, wato ya fi ninki biyu.

5.0 Tallafin Karatu da Sharuɗɗansa

Tallafi yana fitowa daga wurare huɗu. Akwai na gwamnatin tarayya ta hannun hukumarta ta ba da tallafin karatu. A ƙarƙashin wata yarjejeniyar musayar ilimi an daɗe ana tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, har zuwa 2025 da gwamnati ta sanar da dakatar da ɗaukar sababbi. Akwai na jihohi. Kano da Jigawa, alal misali, sun tura ɗalibai koyon likitanci a ƙasashen waje, cikinsu har da mata masu yawa, saboda ƙarancin likitoci mata a asibitocinsu. Akwai na kamfanoni, kamar tallafin Agbami da kamfanonin mai suka kafa domin ɗaliban likitanci da injiniyanci. Sai kuma na ƙasashe da hukumomin waje, kamar makarantar likitanci ta ELAM da ƙasar Kuba ta buɗe a 1999 tana koyar da 'ya'yan talakawa daga ƙasashe da dama kyauta.

Sharaɗin da aka fi gindayawa shi ne yarjejeniyar aiki: ɗalibi ya sa hannu cewa zai yi wa wanda ya ɗauki nauyinsa aiki na wasu shekaru, in ya saɓa ya biya abin da aka kashe masa. Hujjar masu wannan sharaɗi ita ce kuɗin jama'a aka kashe, ga shi kuma likitoci na ta ficewa zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya. A 2023 an gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai na tilasta wa sababbin likitoci yin aikin shekara 5 a gida kafin a ba su cikakken lasisi. Ƙungiyoyin likitoci suka yi adawa da shi, suna cewa gyaran albashi da kayan aiki ne zai tsayar da likita.

Karatu a waje yana da nasa haɗarin. Yaƙin Yukiren na 2022 da na Sudan na 2023 sun tilasta kwaso ɗalibai 'yan Nijeriya, da yawansu masu koyon likitanci, karatunsu bai kammala ba. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta sa kuɗin da aka ware wa ɗalibi ɗaya ba ya kai rabin abin da yake kaiwa a da idan aka canza shi zuwa dala. Bugu da ƙari, wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa maras lafiya a Nijeriya.

6.0 Kwatanci da Amurka

A Amurka sai ɗalibi ya gama digirin farko sannan ya shiga makarantar likitanci ta shekara 4, kuma mafi yawansu da rance suke karatu. Matsakaicin bashin sabon likita a can ya kai kimanin dala 200,000. Wannan nauyi yakan karkatar da wasu zuwa fannonin da suka fi kawo kuɗi, su bar ƙauyuka ba likita. Don magance haka gwamnati tana biya wa ɗalibi kuɗin karatu ko ta rage masa bashi idan ya yarda ya yi aiki a yankin da ke da ƙarancin likitoci. Wasu makarantu kuma sun yafe kuɗin karatu gaba ɗaya da gudummawar masu hannu da shuni, kamar Jami'ar New York a 2018 da Kwalejin Albert Einstein a 2024. Abin lura a nan shi ne, yadda aka biya kuɗin karatun likita yana da tasiri a kan inda zai yi aiki da kuma waɗanda zai duba.

7.0 Rawar da Malami Zai Taka

Malami ya fara faɗakar da ɗalibansa tun suna sakandare cewa sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji shi ne mabuɗin gurbi da na tallafi. Ya shawarce su su fara neman tallafi kafin rance, su karanta kowace yarjejeniya tare da iyayensu kafin sa hannu, su tabbatar MDCN ta amince da makarantar da za su shiga. Ya gargaɗe su game da 'yan damfara masu karɓar kuɗi da sunan samar da gurbi. Ya kuma cusa musu cewa rance amana ce, domin abin da wani ya biya shi za a ranta wa ƙanensa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa karatun likitanci yana da tsada saboda tsawonsa da kayan aikinsa da ƙarancin gurabensa. Rance yana buɗe ƙofa ga mutane da yawa, amma ɗorewarsa ta dogara ga biya. Tallafi ba a mayar da shi, amma kaɗan ke samu, kuma yakan zo da yarjejeniyar aiki. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya san irin wanda zai ci da yadda zai sauke shi.

9.0 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin aro da rance, ka kawo jimloli biyu-biyu da ke nuna amfani da kowanne.
2. Kawo dalilai huɗu da suka sa karatun likitanci ya yi tsada.
3. Me ya durƙusar da hukumar rancen ɗalibai ta 1972, kuma wane darasi asusun NELFUND zai koya daga ciki?
4. Tattauna hujjojin masu goyon bayan yarjejeniyar aiki da na masu adawa da ita.
5. Rubuta wasiƙa zuwa ga mahaifin wata ɗalibarka mai son zama likita, ka bayyana masa hanyoyin samun kuɗin karatunta.