Wane Ne Baƙo, Wane Ne Mai Gida?

Karatu: Luka 24:13-35, Yohanna 15:1-17

Kafin mu buɗe nassin yau, bari mu leƙa Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. A tsakiyar birnin akwai tsohuwar unguwa mai suna Kamsaoghin, gab da inda a dā zangon Hausawa yake, wanda mutanen gari suke kira Zangouettin. Fatauci ne ya kafa irin wannan zango. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina da kanwa da tufafi a kan jakuna, ya ratsa ƙasar Mosi, ya nufi Salaga a Gwanja domin sayen goro. Tafiyar watanni ce, falke kuwa ba ya jin harshen gari. To, wa zai riƙe shi?

Mai gida ne. Shi ke ba falke ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya yi masa tafinta. In an ba da kaya bashi, shi ne yake tsayawa lamuni. Amma ka lura, nauyin ba a kan mai gida kaɗai yake ba. Falke ba ya ɓoye masa kaya, ba ya yin ciniki a bayan idonsa, yana ba shi la'adarsa, baɗi kuma in ya dawo, a gidan nan dai zai sauka. Kowa ya san ɗan'uwansa, kowa yana riƙe da amanar wani.

Yanzu mu dubi Luka sura 24. Almajirai biyu suna tafiya Imuwasu, wajen kilomita 11 daga Urushalima, zukatansu a karye. Wani baƙo ya tarar da su, ya tambaye su abin da ke damunsu, ya saurare su har suka gama, sa'an nan ya buɗe musu Littattafai. Da suka iso ƙauyen, sai ya yi kamar zai wuce. Bai kutsa kai ba. Sai da suka roƙe shi ya kwana, sa'an nan ya shiga. Amma da aka zauna cin abinci, wa ya ɗauki gurasa, ya sa albarka, ya gutsuttsura, ya miƙa musu? Baƙon! Wannan aikin mai gida ne. A daidai nan idanunsu suka buɗe, suka gane Yesu ne.

Haka zamanmu da Mai Cetonmu yake. Kai ka buɗe masa ƙofa, shi kuwa ya ciyar da kai. A Yohanna 15:4 ya umarci almajiransa su zauna a cikinsa, shi ma ya zauna a cikinsu. A aya 15 ya ce ba bayi yake kiransu ba, abokai ne, dalili kuwa shi ne bai ɓoye musu abin da ya ji daga wurin Uba ba. Ka ji? Shi ya fara kwance kayansa a gabanmu. A Yohanna 10:14 kuma bai tsaya a kan cewa ya san tumakinsa ba, ya ƙara da cewa su ma sun san shi.

Kada wani ya ce ina nufin mu da Ubangiji daidai muke. Ko kusa. Falke yana biyan la'ada, mu kuwa ba mu da abin biya. Bashinmu ya fi ƙarfinmu, Yesu ne ya tsaya mana lamuni da jininsa, kamar yadda Ibraniyawa 7:22 ta nuna. Duk da haka yana son amsarmu. Ba domin ya rasa sani ba ne ya tambayi Bitrus har sau uku ko yana ƙaunarsa. So yake ya ji daga bakin Bitrus.

A nan ne da yawa daga cikinmu muka gaza. Mun san gidan, muna zuwa in an yi ciwo, ko jarrabawa ta matso, ko kuɗin haya ya cika. Mu karanta masa jerin bukatunmu, mu ce amin, mu tashi, ba mu jira ko ya yi magana ba. Akwai kuma ƙunshin da ba mu taɓa kwancewa a gabansa ba: gabar da ka riƙe shekara biyar, mudun da ka sa wa ƙasa biyu, wata da kake gani matarka ba ta sani ba. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Ka tuna, ƙwanƙwasa ƙofar da ke cikin Ru'ya ta Yohanna 3:20 ba a gidan marasa bi aka yi ta ba. Ikilisiyar Lawudikiya ce, ana sujada a ciki da sunansa, shi kuwa yana tsaye a waje.

Mu koma Wagadugu. A shekarar 2003 gwamnati ta rushe Zangouettin da sassan unguwannin kewaye, har da Kamsaoghin, domin aikin da ake kira ZACA, aka mai da mutane wajen Ouaga 2000 da Nioko. Maƙwabtan da katanga kaɗai ta haɗa su, rabuwa ke nan. Waɗanda amana ta haɗa kuwa, nisa ba ya hana su neman juna. A ƙasar nan kuma, rashin tsaro ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu bisa ƙidayar 2023, an kuma rufe majami'u da dama. Masu bi a arewacin Nijeriya ba sai an ba su labarin wannan ba. Ɗan'uwa, in abin da ya haɗa ka da Yesu ginin majami'a ne, ko ƙungiyar mawaƙa, ko faston da kake so, me zai rage maka ran da ka farka a baƙon gari ba ko ɗaya daga cikinsu?

A daren yau, in yara sun yi barci, ka zauna da Yohanna 15. Ka karanta a hankali sau biyu. Kada ka fara da roƙo. Ka faɗa masa sunan ƙunshin nan da ka ɓoye, sa'an nan ka yi shiru minti goma, ka ji abin da maganarsa za ta ce ka yi gobe da safe, da kuma wanda za ka fara zuwa wurinsa.